Daga Kanwar Kanem Zuwa Matatar Jarmaya

Duk wanda ya bar Njamena da dare ya miƙi hanyar arewa wadda ta nufi Masaget, kafin ya cika awa guda a mota zai hango wuta tana ci a kan wani dogon bututu, ita kaɗai a sararin sama. Nan ne Jarmaya, kimanin kilomita 40 daga babban birnin Chadi, inda matatar man ƙasar take. Fasinja kan nuna wutar da yatsa ya ce ga inda ake dafa fetur. Alhali wannan wutar shara take ƙonawa, wato rarar iskar gas da ba a so ta taru ta yi ɓarna. Ainihin aikin yana can ƙasa, cikin wasu dogayen gangunan ƙarfe da aka kwantar jere-jere, an naɗe su da farin kwano, ba hayaƙi ba ƙara. Su ne na'urorin musayar zafi. A cikinsu ne ruwa ko mai da ya yi zafi yake miƙa wa mai sanyi zafinsa ta bayan bangon ƙarfe, ba tare da sun gauraya ba. Direban da ya taɓa tsayawa a gefen hanya yana ba lagireto ruwa ya san ƙanwarsu.

Sana'ar sarrafa zafi a wannan yanki ta girmi man fetur da ƙarnuka, kuma a bakin tafki ta soma.

Kogin Shari da na Logon suna haɗuwa a gaban Njamena, su gangara arewa su zuba a Tafkin Chadi. Su ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa, kuma babu kogi ko ɗaya da ke fita daga cikinsa. Rana ce ke shanye ruwan, kimanin zurfin mita 2 kowace shekara. Haka abin yake ko a 1963, lokacin da faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Bisa lissafi, ruwan da ba shi da mafita sai sama ya kamata tuni ya zama ruwan gishiri, domin rana ruwa zalla take ɗauka, ta bar duk abin da ya narke a ciki. Amma masunta suna ɗiba su sha, shanu ma haka. Dalili shi ne wani kaso na ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin rairayi ya yi arewa maso gabas, yana tafe da gishirin, har ya taso a kwarurukan da ke tsakanin tuddan yashi na ƙasar Kanem. A nan ba shi da zurfi, ga rana, ga busasshiyar iska. Sai ya ƙafe, kanwa ta daskare a cikin taɓo.

Mutanen yankin Liwa da kewaye suka mayar da wannan sana'a. Suna haƙa, su sassaro kanwar falle-falle, a ɗora wa raƙuma da jakuna zuwa Baga Sola. Daga nan Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, su ƙetarar da ita a jiragensu na ciyawa zuwa gaɓar Barno. Wannan ita ce kanwar da Bahaushe ya sani da suna ungurnu, sunan da ta samo daga Ngurno, garin Barno da ake cinikinta. Fatake suka kai ta Kano, daga Kano ta yi Nupe da ƙasar Yarbawa. Ta shiga kunu, ta shiga wake, ta shiga taba, an ba doki da saniya. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a 1986 a kan wannan fatauci na gishiri da kanwa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, mai haƙar kanwa ya san abubuwa uku da har gobe su ne ginshiƙin zanen kowace tukunyar ƙafe ruwa: a ba ruwa fili mai faɗi, a ba shi zafi, a kuma samar da abin da zai kwashe tururin da ya tashi domin wani ya samu wurin tashi.

A yamma da tafkin, ƙasar Manga, rana kaɗai ba ta isa ba. Masu yin mangul suna kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa ya tsiyaye, su tara ruwan a ƙananan tukwanen ƙasa da aka jera a kan matoya, su hura wuta dare da rana. In ya ƙafe su ƙara, in ya ƙafe su ƙara, har tukunya ta cika da gishiri a fasa ta. Abin da ke cin ribarsu itace ne, kuma akwai dalili. Zafin da ake buƙata a mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa ya zama tururi ya ninka wanda ake buƙata a ɗauko shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar. Duk wannan zafi yana cikin tururin, tururin kuwa yana bin iska. Mai mangul yana kallon kuɗin itacensa na tashi sama, ba yadda zai yi.

Shi birnin Njamena kansa yaro ne a kan wannan sana'a. Bayan yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilun 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy duk suka mutu, Emile Gentil ya kafa sansani a tsallaken kogi ya sa masa suna Fort Lamy. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa Njamena. Turawan mulki ba su damu da kafa masana'antu a nan ba, ban da gurzar auduga a kudu. Amma akwai shanu, kuma biranen gaɓar teku na son nama. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1950 aka gina mayanka mai ɗakunan sanyi a unguwar Farsha, ana yanka a sanyaya, jirgin sama ya ɗauka zuwa su Brazabil.

Ɗakin sanyi, in aka tona cikinsa, na'urorin musayar zafi ne guda biyu da famfo a tsakani. A ta ciki, wani ruwan sinadari yana tafasa a ƙasa da sanyin ƙanƙara, kuma zafin da yake buƙata don ya tafasa daga jikin naman yake sato shi. A ta waje, ana matse tururin ya koma ruwa, ya amayar da zafin da ya sato. To ina zai amayar? Cikin iskar Njamena, wadda a watan Afrilu takan wuce digiri 41 da rana. Injin da aka zana don iskar Faransa, in ya zo nan sai ya yi ta nishi. Wannan darasi ne da kowace masana'anta da ta biyo baya ta sake biya wa kanta, wani lokaci da tsada.

Sai sukari. Wanda ya zauna a Chadi ya san matsayin shayi a wurinsu, ja da kore, mai kauri, sukari har ya kusa tsayar da cokali. Dubi mai shayi yana ɗaga buta sama yana tsiyayowa cikin kofi, ya mayar, ya sake. Kumfa yake nema, amma kuma yana ƙara wa shayin filin haɗuwa da iska ne, ya huce daidai baki. Shekara da shekaru sukarin wannan shayi daga waje yake zuwa. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta kafa gonar rake da masana'anta a Banda, kusa da Sarh a bakin Shari, ƙarƙashin kamfanin SONASUT. A shekarar 2000 aka sayar wa rukunin SOMDIAA na Faransa, sunan ya koma CST. Abin da take fitarwa a shekara ya ɗan haura tan dubu 30, kuma Njamena babbar kasuwarsa ce.

A ruwan rake, sukari kimanin kashi 15 ne cikin 100. Kafin a kai ga fitar da ƙwayoyinsa sai an kai shi kusan kashi 65. Ma'ana, daga kowane kilo 100 na ruwan rake sai an kori kilo 77 na ruwa. Masu mazarƙwaila a ƙasar Zazzau sun san wannan wahala: kasko buɗe, wuta a ƙasa, tururi a sama, daidai irin ta mai mangul. Haka ma aka yi ta yi a gonakin rake na Amurka da tsibiran Karibiyan, inda bayi ke kwasar tafasasshen ruwan rake da dogayen ludaya daga kasko zuwa kasko, suna ƙonewa.

Wanda ya warware matsalar jinin Afirka ne ta wajen uwa. Norbert Rillieux, an haife shi a New Orleans a 1806, uwarsa baƙar fata 'yantacciya, ubansa Bature mai gona. Ya yi karatun injiniya a Faris, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1843 da 1846. Dabararsa ta tsaya a kan abu ɗaya da kowa zai iya gwadawa: ruwa yana tafasa da wuri in matsin iskar da ke kansa ya ragu. A Jos ma, saboda tudu, ruwa kan tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Sai ya rufe tukwanen ruf, ya jera su, ya zuƙe iskar ta biyu fiye da ta farko, ta uku fiye da ta biyu. Tururin da ya tashi daga ta farko, maimakon ya bi iska, sai a bi da shi ta cikin bututan ta biyu ya tafasa nata ruwan, tunda ita a ƙasa da zafinsa take tafasa. Nata tururin ya dafa ta uku. Da haka kilo ɗaya na tururin asali yake korar kusan kilo huɗu na ruwa in tukwanen huɗu ne. A ta ƙarshe, ruwan rake yana tafasa a wajen digiri 60, zafin da ba ya ƙona sukari. Shi ya sa masana'antar sukari ta zamani take iya dogara da busasshen ɓawon raken da ta matse a matsayin makamashi.

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya hana a jera ashirin? A nan gwanintar mai zane take. Zafin tukunyar farko yana da iyaka, in ya wuce wajen digiri 125 sukari ya fara lalacewa ya yi duhu. Sanyin ta ƙarshe ma yana da iyaka, domin ruwan kogi ne ke daskarar da tururinta, kuma ruwan Shari a bazara ba sanyi gare shi ba. Tazarar da ke tsakanin iyakokin nan biyu ita ake raba wa tukwanen, kamar gado. In magada sun yi yawa, rabon kowa ya ƙanƙance, kuma tukunyar da tazararta ta ragu da rabi sai an ninka mata yawan bututu kafin ta yi aikin da. Ana isa inda kuɗin ƙarfe ya fi kuɗin makamashin da aka tsimi. Galibin masana'antun sukari a huɗu ko biyar suke tsayawa. Bututan kuma suna yin ɓawo a ciki, sai an riƙa tsayawa ana dafa su da ruwan soda. Soda kuwa 'yar'uwar kanwa ce ta jini.

Labarin mai ya fi tsawo, ya fi ɗaci. Kamfanin Conoco na Amurka ya fara nema a 1969, kuma a tsakiyar shekarun 1970 ya samu mai a Sedigi, cikin Kanem ɗin nan dai ta kanwa, sannan a yankin Doba a kudu. Man Sedigi mara nauyi ne, mai sauƙin tacewa. Tun a lokacin aka tsara a janyo shi da bututu zuwa wata 'yar ƙaramar matata a Njamena, ta ba birnin man mota da na injinan lantarki. Yaƙin basasa ya shigo birnin a Fabrairun 1979, magana ta mutu. Aka sake tayar da ita a shekarun 1990, har aka shimfiɗa bututu na sama da kilomita 300 zuwa Farsha a farkon shekarun 2000, sai aka tarar aikin bai yi ingancin da za a tura mai a ciki ba. Ya zauna a ƙasa.

Man Doba shi ya samu hanya, amma hanyar fita. A 2003 aka buɗe bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar Kamaru, ƙarƙashin ExxonMobil da Petronas da Chevron, da sa hannun Bankin Duniya. Sai Chadi ta zama ƙasa mai sayar da ɗanyen mai, wadda kuma kowace litar fetur da take ƙonawa a tanka ake kawo mata daga Kamaru da Najeriya. 'Yan bumburutu suka cika bakin titi da kwalabe. Wutar lantarkin Njamena, da yake da man dizal na waje ake yinta, ta shiga sahun mafi tsada a duniya, ga ta ba ta samuwa.

A Agustan 2006 gwamnatin Idris Debi ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wa Sin. A 2007 aka ƙulla yarjejeniyar matata da kamfanin CNPC na Sin. A farkon Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shigo Njamena har kusa da fadar shugaban ƙasa, mutane dubbai suka tsallaka Kusuri. Wata takwas bayan haka, a Oktoba, aka aza harsashi a Jarmaya. Ranar 29 ga Yunin 2011 aka buɗe ta: ganga dubu 20 a rana, kashi 60 na CNPC, kashi 40 na kamfanin man Chadi, SHT. Ɗanyen man yana zuwa ta bututu mai kilomita 311 daga rijiyoyin Roniye da Mimosa a yankin Bongor. Wata biyar bayan nan, ranar 28 ga Nuwamba, aka buɗe tagwaiyarta ta SORAZ a Damagaram, girma ɗaya, rabon hannun jari iri ɗaya.

Yanzu mu bi ɗanyen man cikin matata irin wannan. Kafin ya shiga doguwar hasumiyar da ke rarrabe shi, sai ya kai wajen digiri 350, yawancinsa ya zama tururi. Da a ce tanderu kaɗai zai yi wannan aiki, da matatar ta ƙone kaso mai tsoka na abin da take tacewa. A ɗaya gefen kuma, kananzir da dizal da baƙin man da ya kwanta a gindi duk da zafinsu suke fitowa daga hasumiya, kuma ba mai zuba su a tanki a haka. Ga mai neman zafi, ga masu neman rabuwa da shi. Aikin mai zane shi ne ya haɗa auren.

Kowace gangar musayar zafi cike take da ɗaruruwan siraran bututu, kaurin kowanne kamar babban yatsa, tsawon wajen mita 6. Ɗaya mai yana bi ta cikin bututan, ɗayan yana kewaya bayansu. Yawan zafin da zai ƙetare ya dogara da abu uku, kamar yadda aka gina a kan lissafin da Bafaranshe Fourier ya buga a 1822: faɗin bangon da suka haɗu a kai, tazarar zafin da ke tsakaninsu, da sauƙin da zafi ke samu wajen ratsawa. Ana sa su tafi gaba da gaba, wannan ya shigo ta inda wancan zai fita, domin tazarar ta ɗore daga farko har ƙarshe. In suka jera kafaɗa da kafaɗa, kafin rabin hanya sun kusa zama ɗaya, sauran ƙarfen ya tashi a banza. Jerin gangunan ma da tsari: ɗanyen mai yana fara gamuwa da wanda zafinsa bai kai ba, sai na gaba, baƙin man gindi a ƙarshe. Wanda ya kashe zafin digiri 300 wajen ɗumama abin da na digiri 120 zai iya, ya yi kamar wanda ya sa ingarma dakon ruwa. Da kyakkyawan jeri, man kan iso bakin tanderu ya riga ya haura digiri 250. A tsakiyar hanya, wajen digiri 130, ana wanke shi da ruwa a cire gishirin da ya taso da shi daga ƙasa, domin in aka bar shi zai zama asid ya ci ƙarfe.

Sauran ƙa'idojin duk ciniki ne, a ba da wannan a karɓi wancan. Man da ke manne da bango kusan a tsaye yake, kuma shi ne babban shingen zafi. In aka ƙara gudu sai ya sirance, shi ya sa ake kafa faifan ƙarfe a cikin ganga su tilasta wa mai yin kwana-kwana. Amma ninka gudu yana ninka wahalar famfo kusan sau huɗu. Wanda ya fi datti shi ake turawa cikin bututu, domin ciki ya fi bayansa sauƙin wankewa. Ƙarfe kuma yana miƙewa in ya ji wuta, sama da milimita ɗaya a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 100. Bututun da ya fi gangarsa zafi da digiri 200 zai nemi ƙarin wuri fiye da santimita guda, in bai samu ba ya tanƙware ko ya tsinke. Saboda haka ake lanƙwasa shi ya dawo kamar ƙugiya, ko a bar kansa ɗaya sake yana motsi.

Waɗannan duk a littafi suke. Abin da Njamena ta ƙara nata ne. Na farko, ɗanyen mai irin na Bongor yana da kaki, kuma kaki daskarewa yake kamar man ja a hunturu. Daren Janairu a nan kan sauko wajen digiri 14, don haka bututu da tanki sai an lulluɓe, wasu a bi jikinsu da siririn bututun tururi. Na biyu, ba teku. Abin da musaya ta kasa kwashewa, iska ake ba shi ta manyan fankoki masu hura bututu masu fiffike. A ce ana son a sauko da mai zuwa digiri 60. Da iska mai digiri 25 akwai tazarar 35, da iskar Afrilu mai 45 saura 15. Dole a zana don ranar da ta fi kowace zafi, a sayi ƙarfen da zai yi zaman banza rabin shekara. Ga ƙurar hunturu tana toshe fiffiken. Na uku, kowane ƙarfe mai nauyi da zai zo ta teku a Duwala ake sauke shi, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,800 ta Gaundare da Kusuri kafin ya hau gadar Ngeli. Kayan gyara ba abin da ake aika yaro ya sayo ba ne.

Wuri ɗaya ne yanayin ya yi wa mai zane alheri. Busasshiyar iska tana son ruwa, kuma in ta ɗauke kaɗan sauran ya yi sanyi, yadda randa ke yi. A Jigawa, Muhammad Bah Abba ya samu kyautar Rolex a 2000 da wannan dabara ta tukunya cikin tukunya. Hasumiyar sanyaya ruwa ta masana'anta randa ce babba: a yayyafo ruwan ɗumi daga sama, iska ta ratsa, kaɗan ya tafi, sauran ya dawo da sanyi ƙasa da na iskar kanta. Sai dai duk abin da ya tafi ruwa ne zalla, gishiri yana nan yana taruwa. In ba a riƙa zubar da wani kaso ana ƙara sabo ba, ɓawo zai rufe bututu. Wato dole injiniya ya yi wa hasumiyarsa abin da Allah ya yi wa Tafkin Chadi, ya buɗe mata 'yar kafar da gishiri zai bi ya fita.

Babban abokin gabar duka waɗannan na'urori kowace mai tuƙa tuwo ta san shi. Ƙanzo ne. A matata, kwalta da gishiri da tsatsa ne ke toyuwa a jikin bututu, kuma milimita ɗaya ta irin wannan ɓawo tana tare zafi fiye da milimita 20 ta ƙarfe. Ƙungiyar masu ƙera waɗannan na'urori ta Amurka, TEMA, wadda aka kafa a 1939, ta fitar da jadawalin ƙarin filin da za a tanada saboda datti, kuma littafin Donald Kern na 1950 ya koyar da injiniyoyin duniya amfani da shi. A ganina wannan jadawali yana da tarko: mai tsoro yakan ƙara bututu fiye da kima, gudun mai ya ragu, dattin da ake gudu ya samu wurin kwanciya da wuri. Ko ma dai yaya aka yi, ƙanzo yana zuwa. Tanderu ya riƙa cin makamashi yana cike giɓi, har ya kai iyakarsa. Daga nan sai a kashe matata, a zaro dauren bututan da ƙugiya, a wanke da ruwa mai matsi, a sauya waɗanda suka huje. Bayan 'yan shekaru ake yin wannan, kuma makonni yake ɗauka.

A nan ne lissafin injiniya ya shiga madafar kowane gida. Tun ƙarshen 2008 gwamnati ta hana gawayi a Njamena don kare itatuwa, ta tura mutane ga tukunyar gas mai rangwame, kuma daga 2011 Jarmaya ce ke cika tukunyar. A Janairun 2012, wata shida da 'yan kwanaki da buɗewa, gwamnati ta rufe matatar na 'yan makonni saboda saɓani da CNPC kan farashi. Wannan rikicin mutane ne, an sasanta. Na 2019 kuwa na ƙarfe ne: aka tsayar da matata don babban gyara, gas ya ɓace, mata da yara suka yi ta kwana a layi da tukwane wayam. A 2023 aka sake tsayawa, gidajen mai suka bushe.

Ba a zargin matata don ta tsaya wanka, wadda ba ta tsayawa ita ce abin tsoro. Matsalar ita ce ƙasa guda ta rataya a kan matata guda. Mai zanen kirki yakan sa wa muhimmiyar ganga abokiya da hanyar kewaye, domin a wanke ɗaya ɗaya tana aiki. Ɗaliban makarantar fetur ta Mao, can tsakiyar Kanem, za su tarar da wannan a darasinsu. Ranar tsayar da matata ana saninta tun da watanni, ana kuma sanin litar fetur da tan na gas da Njamena ke ci a wuni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tankunan ajiya da za su riƙe birnin tsawon kwanakin gyara su ne ɓangaren zanen da ya rage, kuma wannan aikin hukuma ne.